Mudiaga Mai Rufin Kwano da Wutar Bayan Gari

Duk wanda ya taɓa fake wa ruwan sama a wani gida a Urhievwe cikin shekaru talatin da suka shige, da wuya in ba ƙarƙashin aikin Mudiaga ya fake ba. Shi ne kafintan rufi na garin. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, rana ta gasa masa ƙeya har ta fi fuskarsa baƙi, kuma saboda yawan riƙe ƙusoshi a baki ya saba da yin magana ta gefen leɓe ko da ba komai a bakin. Ba shi da yawan surutu, amma hannunsa ba ya zama.

Yana ɗan shekara bakwai aka kunna wutar bayan gari. Da hantsi ne, wata mata da ta je rafi jiƙa rogo ta dawo a guje tana ihu daji ya kama. Maza suka fita da adduna da ɗanyen ganyen kwakwa, mata da bokitai, shi kuma ya bi mahaifinsa riƙe da ƙwarya. Suna isa inda wasu baƙi masu haƙar man fetur suka share daji suka shimfiɗa bututai, sai suka tarar ba daji ne ke ci ba. Wani ƙaton bututu ne kwance a cikin rami, harshen wuta na fita daga bakinsa yana ruri kamar babbar mota tana hawan tudu. Ma'aikata masu hular kwano suka yi ta dariya. Tafintansu ya ce kowa ya kwantar da hankali, iskar gas ce da ke fitowa tare da man, ba ta da amfani, shi ya sa ake ƙone ta, kuma mako biyu in an gama gwaji za a kashe. Mutane suka zubar da ruwan bokitansu suka koma gida. Ba a kashe ba.

Mudiaga ya girma da rurin nan a kunne har ya daina jin sa. Ayaba da gwandar da ke gefen wurin suka bushe a tsaye, aka daina shuka a can, aka matsa gaba. Da ya kai sha biyar mahaifinsa ya kai shi Ughelli wajen wani tsohon kafinta, ya yi shekara tara yana ɗaukar katako yana shan ranƙwashi, har aka 'yanta shi. Ya dawo gida da guduma, da zarto, da igiyar awo, a daidai lokacin da 'yan garin da ke aiki a Warri suka fara aiko wa iyayensu a cire rufin ganye a sa kwano. Bai yi shekara biyu da dawowa ba ya auri Eguono, doguwar mace mai dariya da ƙarfi, wadda in ta yi magana a madafa ana jin ta a bakin hanya. Suka haifi 'ya ɗaya, Ufuoma.

Maigidansa na Ughelli ya koya masa cewa kwano in yana da kyau, an kuma buga shi daidai, mutum zai yi aure a ƙarƙashinsa har ya aurar da 'yarsa bai taɓa shi ba. A Urhievwe damina huɗu ce. Da fari ƙyallin ya dushe, sai ja ya zagaye kan kowace ƙusa, kafin ka ankara rufin ya zama rariya. Mudiaga ya fara zargin kansa. Ya canza ƙusa. Ya canza mai sayar masa da kwano. Har Onitsha ya je ya sayo mai kauri, shi ma ya ƙara damina ɗaya ne kawai ya bi 'yan'uwansa. Sai a hankali, da yake shi kullum yana sama yana ganin garin daga inda wasu ba sa gani, ya lura da abin da ke faruwa. Gidajen unguwar gabas, inda iska ke kora hayaƙi, su ke fara mutuwa. A gida ɗaya ma, ɓangaren da ke fuskantar wutar shi ke riga ɗayan cin tsatsa. Ruwan da ake tara a duro kuwa, sai mata sun kwashe baƙin maiƙo a samansa kafin su yi wanki.

Yana da aboki tun na ƙuruciya, Onoriode, mai tatsar roba, wanda bakinsa ba ya barin kowa. Duk lokacin da ya wuce da bokitinsa ya hango Mudiaga a kan rufi sai ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Oniovo, ɗan'uwana, sannu da aiki! Ya abokiyar cinikin taka? Ita ta huda, kai ka toshe. Ka dai riƙa kai mata goro, kada ta yi fushi ta mutu ka rasa na cefane."

"Wuce ka ba ni wuri, mai warin roba," in ji Mudiaga ta gefen baki. "Kai da itatuwanka sun fara rowar nono, me kake taƙama da shi?"

Suna yin dariya, amma maganar tana sukar sa. Gaskiya ce aiki bai taɓa yanke masa ba, kuma ya san dalili. In ya karɓi ladan aikinsa daga hannun tsohon da ya sayar da akuyarsa don sake rufin da shi da kansa ya buga shekara huɗu baya, sai ya ji abincin ranar ba ya masa daɗi.

Eguono ita ma daga wutar take ci. Sana'arta kpokpo, rogon da ake jiƙawa a gurza a shanya har ya bushe ƙaƙas, ana ci da gyaɗa ko busasshen kifi. A rana yakan ɗauki kwana uku, da damina kuwa sai ya yi funfuna kafin ya bushe. A bakin ramin wutar awa biyu ya isa. Don haka mata sukan jera farantansu a kan tudun ƙasar da ya zagaye ramin, su ruga su ajiye, su rugo da baya suna kare fuska da zane. Eguono takan dawo idanu jajur, gashin hannunta a ƙone, tana tari irin wanda ba ya fitar da komai.

Wata rana da yamma tana juye kpokpo a buhu, tarin ya turnuƙe ta har ta dafa bango. Mudiaga ya miƙa mata ruwa.

"Maman Ufuoma, abin da ke cin ƙarfe, me kike zaton yake yi wa ƙirjin mutum?"

Ta sha, ta goge baki. "To Baban Ufuoma, sai mu daina tare. Kai kana cin ta daga sama, ni ina cin ta daga ƙasa. Ranar da ka ajiye guduma, ni ma zan kife farantina."

Ya ɗauki buhun ya kai mata ɗaki.

Abin da ya sauya rayuwarsa ya zo ne a shekararsa ta hamsin da ɗaya, ta hannun Nene Omotekoro, wata tsohuwa da mijinta ya rasu, mazauniyar gidan ƙarshe a unguwar gabas. Da sassafe bayan an kwana ana ruwa, ta iso ƙofar gidansa da zanenta a jiƙe. Ya durƙusa ya ce, "Migwo, Nene." Ba ta amsa gaisuwar ba.

"Mudiaga, ni na riƙe uwarka ranar da ta haife ka. Da me na cuce ka? Shekara uku da rabi! Ɗana ya hana kansa ci ya aiko aka sayi kwano, ka karɓa ka buga mini takarda. Jiya a zaune na kwana da tukunya a cinya."

"Nene, kwanon da ɗanki ya aiko shi na buga."

"To hannunka ne ba shi da albarka."

Maganar ta yi masa zafi fiye da duk abin da aka taɓa gaya masa. Ko karyawa bai yi ba ya saɓa tsani ya bi ta. Ya san dokar aikinsa sarai: ba a hawa jiƙaƙƙen rufi, kuma ba a taka ko'ina sai layin ƙusa inda katako yake a ƙasa. Layin ƙusar ya taka. Abin da bai sani ba shi ne ruwa ya daɗe yana bin hudar ƙusoshin yana shiga katakon, har ya ruɓe ya zama kamar dafaffiyar doya. Taku na huɗu rufin ya buɗe. Ya faɗo tsakiyar ɗakin tsohuwar, cinyarsa ta hagu ta bugi turmi, ya ji ƙashin ya ce ƙas.

Maza huɗu suka ɗauko shi a kan ƙyaure. Mai ɗori ya zo daga ƙauyen gaba, ya ja ƙafar, Mudiaga ya ciji tsumma, aka ɗaure da karan tukurwa. Wata huɗu ya yi a kwance. Kwana na uku Nene Omotekoro ta shigo da ƙaramar tukunya, farfesun doya da ayaba da kifi, ta zauna a bakin gadonsa.

"Na duba katakon da ya faɗo tare da kai," ta ce. "Da yatsa na huda shi. Ɗana, bakina ne ya jefo ka."

"Ba bakinki ba ne, Nene. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kin faɗi abin da kika gani ne. Amma ina roƙon abu ɗaya. Kwanon da na ɓurma, kada a zubar. A kawo mini."

Aka kawo. Ya ajiye shi a gefen gado yana juya shi. Mutumin da ya saba wuni a sama, yanzu ba shi da abin yi sai tunani, tunanin kuma ya kai shi wani wuri. Da Onoriode ya zo duba shi, yana tsokanarsa wai biri ya faɗo daga bishiyar da ya shuka, Mudiaga ya ce masa, "In ka gama haushin, ina da aike." Ya lissafa masa gidaje goma sha ɗaya, daga bakin wutar har can ƙarshen unguwar yamma, da guda a ƙauyen kakanninsa na wajen uwa, tafiyar awa biyu a keke. Duka shi ya rufa su a rani guda, ranin da aka naɗa fasto sabo, da kwano iri ɗaya daga shago ɗaya. Ya ce a roƙi masu gidajen a yanko masa kamar faɗin tafin hannu daga bakin kowane rufi, in ya warke zai gyara musu.

"Ka fara haɗa tarkace kamar mahaukacin kasuwa," in ji Onoriode. Amma ya je, kuma cikin mako guda ya kawo su, kowane an rubuta sunan mai gidan da gawayi.

Ƙafar ta warke gajeriya. Mudiaga ya tashi da sanda da ɗingishi, ya kuma san shi da hawa tsani sai dai kallo. Bai yi kuka a gaban kowa ba, sai dai Eguono ta ce ya yi mako biyu ba ya cinye abincinsa.

Ana nan sai aka yi shelar wakilin kamfanin man zai zo zauren gari, kamar yadda yakan zo shekara-shekara a ji koke. Mudiaga bai taɓa magana a taro ba. Ranar ya sa rigarsa ta coci, ya ɗaura zane, Onoriode ya ɗauko masa buhun guntayen kwanon. Dattijon gari ya fasa goro ya yi addu'a, matasa suka yi ta ɗaga murya kan aiki da hanya da wutar lantarki, wakilin yana rubutawa. Ɗan yankin ne, mai ladabi, yana jin harshen, har ya durƙusa ya gaida dattawa da ya shigo. Da hayaniya ta lafa Mudiaga ya miƙe, ya ɗingisa zuwa tsakiya, ya jera guntayen kwanon a ƙasa ɗaya bayan ɗaya, yana kiran sunan mai kowane gida. Na farko in ka ɗaga shi kana hango mutum ta cikinsa. Na tsakiya ja ne amma da sauran ƙarfi. Na ƙarshe, na ƙauyen kakanninsa, har yanzu ana karanta tambarin masana'anta a jiki.

"Oga, ni ban yi boko ba," ya ce. "Hannu ɗaya ya buga su, rani ɗaya, shago ɗaya. Ka gaya mini abin da ya bambanta su."

Wakilin ya sunkuya ya duba. Ya ce yana iya yiwuwa iskar teku ce mai gishiri, kuma kwanon zamani ba shi da nagarta irin na da, sai masana sun bincika.

"A unguwar gabas kaɗai iskar tekun take busowa?" wani ya jefa daga baya, aka yi dariya.

Mudiaga ya jira dariyar ta wuce. "Ina da tambaya ɗaya kuma. Ni mai rufi ne, duk inda na wuce rufi nake kallo. Shekara goma sha biyu da suka wuce kun cire kwanon ɗakin masu gadinku da na ma'ajiyarku da ke cikin shingen waya, kun sa alminiyam mai kauri mai fenti. Na tsaya a hanya na ga ana yi. Wa ya ba ku shawarar? Don ina so in san ko shi ma gishirin teku ya ce muku."

Wakilin ya sake duban guntayen kwanon. Can ya ce a hankali, "Baba, ban kama aiki ba a lokacin. Amma ka ba ni waɗannan in tafi da su." Mudiaga ya ba shi, ban da na ɗakin Nene Omotekoro.

Shekara ta zagayo ba labari, mutane suka ce dama an saba. Sai a cikin ta biyu manyan motoci suka shigo da ƙarafa. Ko guntayen kwanon Mudiaga ne suka jawo, ko wata doka ce daga sama, ba wanda ya sani, amma garin ya riga ya yanke hukunci cewa shi ne. Ba kashe wutar aka zo yi ba. An cike ramin, aka kafa dogon bututu ya fi bishiyar kwakwa uku tsawo, aka mai da wutar can samansa, aka zagaye wurin da waya. Hayaƙin ya ɗan ragu a unguwar gabas, ya bazu ko'ina daidai wa daida. Zafin kuwa ya bar ƙasa gaba ɗaya.

Kashegari da safe mata kusan ashirin suka cika ƙofar gidansa, kowace da farantin jiƙaƙƙen rogo a ka. Suka sauke a gabansa.

"Mai tambaya, ga shi nan, sai ka hura masa iska ya bushe!"

"Kai ka daina hawa, shi ne ka ce mu ma mu zauna?"

"An yi gudun gara an faɗa gidan zago!"

Ya dubi cikinsu yana neman mai tausaya masa, sai ya hango Eguono a sahun gaba da nata farantin. Ranar da aka kawo masa miyar kwakwa da tuwon sitacin rogo, ya yi ta laluben kifi da yatsa bai samu ba.

"Maman Ufuoma, yau kifin ya yi iyo ya fita ne?"

"Kifin yana cikin rogon da ke ruɓewa a bayan ɗaki. Je ka ciro shi."

Ya ci miyarsa haka. Bai ga laifinsu ba, domin da kpokpon nan suke biyan makarantar 'ya'yansu. Kwana biyu yana zaune a kan benci yana zane a ƙasa da sanda, sai ya tuna wani aiki da ya taɓa yi a tashar mota a Warri. An sa shi ya rufa wata rumfa da farar roba mai shigar da haske, bayan mako guda masu sayar da burodi suka zo suna zaginsa wai ya gina musu tanda. Ya ce a ransa, abin da ya gasa masu burodi ai zai gasa rogo.

Ya kira Onoriode, wanda itatuwan robarsa suka riga suka ƙafe ya rasa abin yi, suka shiga aiki a filin bayan coci. Mudiaga yana awo yana yanka a ƙasa, Onoriode yana hawa yana ƙorafi. Rumfar farko sun rufe ta ruf, zafi ya yi zafi amma gumi ya taru a ciki yana ɗiga, rogon ya yi funfuna, mata suka yi musu waƙa. Ta biyu sun bar mata tagogi manya, iskar hadari ta shiga ta ɗauke rufin ta ajiye a gonar fasto. Onoriode ya ce shi ya gaji da zama abin dariya a tsufansa.

"Sau ɗaya ya rage, oniovo. In ta ƙi, ni da kaina zan raka ka mu koma tatsar busasshen icce."

Ta uku ya yi ta ƙasa-ƙasa, mai tsawo, ya ɗaga gadajen shanya a kan ƙafafu, ya bar siririyar kafa a ƙasa da wata a ƙololuwa, ya rufe su da ragar sauro. Iska ta riƙa shiga ta ƙasa tana fita ta sama da danshin. Eguono ce ta fara kawo faranti, ba don ta yarda ba, sai don ta ce gara a yi wa mijinta dariya tana wurin. Kwana ɗaya da rabi ya bushe. Ta ɗebo ta tauna, ta sake ɗebowa ta shinshina, ta daɗe tana juya shi a tafin hannu. Fari ne tas, ba ɗigon baƙi, ba warin nan da kowa ya saba da shi har ya zaci na rogo ne.

"Ya yi jinkiri," ta ce. Amma da yamma ya sami kan tarwaɗa a miyarsa.

Ba kowa ya gamsu ba. Kwana ɗaya da rabi ba awa biyu ba ne, kuma rumfar ba ta ɗaukar kowa a lokaci guda, har sai da ƙungiyar mata ta tsara wa kowace ranarta. Wasu suka ce ba za su iya jira ba, suka riƙa hawa babur zuwa wani gari inda wutar take a ƙasa har yanzu. Waɗanda suka tsaya kuwa suka tarar masu saye a kasuwar Ughelli sun fara tambayar na Urhievwe da suna. A cikin shekara uku Mudiaga da Onoriode suka gina irin rumfar guda bakwai, biyu a garin, sauran a ƙauyukan kewaye. Ita ma robar hayaƙi yana dusar da ita, sai an wanke duk mako, ana kuma canza ta bayan shekara biyu. Wannan tun kafin ya buga ƙusar farko yake gaya wa masu aikin, don kada wata ta sake zuwa ƙofarsa da jiƙaƙƙen zane. Masu son rufin gida kuma yakan ce su haƙura su tara su sayi alminiyam ko da ɗaki ɗaya ne a shekara, ya tura su wajen wasu kafintocin, ya zauna a ƙasa yana nuna musu kuskurensu da sanda.

Tarin Eguono dai bai tafi ba. Shekara ashirin da ta yi a bakin ramin sun riga sun zauna mata a ƙirji, da damina har sai ta zauna ta huta tsakanin madafa da rijiya. Ufuoma, wadda ta zama ma'aikaciyar jinya a Benin, ta zo ta saurari ƙirjin uwarta, ta fito ta sami mahaifinta a kan benci.

"Baba, ku tattara ku biyo ni, ku biyun. Iskar garin nan ba ta Mama ba ce."

"Tafi da ita," ya ce. "Ni in na je Benin me zan yi? In zauna a bene ina ƙirga motoci?"

Aka tafi da Eguono tana faɗa, tana bar masa umarni kan kaji da inda ta ɓoye manja. Wata biyar ta yi. Mudiaga, wanda bai taɓa dafa ko ruwan zafi ba, ya ƙone tukunya biyu kafin ya je wajen matar Onoriode ya zauna a kan kujerar tsugune ya ce a koya masa. Kullum da yamma Ufuoma takan kira a waya, ya ji muryar matarsa tana ƙara ƙarfi, har ranar da ya ji tana yi wa mai kawo ruwa faɗa daga nesa, ya ce wa Onoriode, "Ta warke."

Ba ta warke duka ba, amma ta dawo da farkon rani da ƙiba da ɗan abin shaƙa a jaka. Ta sauka daga babur, ta tsaya ta dubi tsakar gidan, ta ƙirga kajinta, sannan ta shiga madafa ta buɗe tukunyar da ke kan murhu. Ta ɗebo da ludayi ta ɗanɗana. Mudiaga yana tsaye a bakin ƙofa da sandarsa.

"Wace mata ce ta dafa wannan?"

"Ni ne."

"Ƙarya kake, Baban Ufuoma."

"Tambayi tukwanenki biyu da na kashe."

Ta sake ɗanɗanawa. "Gishiri ya yi yawa. Kuma ba a sa ganyen ɗaci tun da wuri." Ta ja kujera ta zauna, ta zuba a kwano ɗaya ta tura tsakaninsu. "Likita ya ce duk damina in koma can, rani in yi a nan. Na ce masa to, amma damina mai zuwa da kai za mu. Akwai wata mata a layin su Ufuoma mai yin garin rogo, na ba ta labarin rumfarka, ta ce sai ta gan ka."

"A Benin?"

"A Benin. Ka ga ka sami abin yi ban da ƙirga motoci."

Haka suke yi har yanzu, shekara ta huɗu ke nan. Da ruwan farko su rufe gida su bar wa Onoriode makulli da kaji, da ruwa ya ɗauke su dawo. Mudiaga ya gina rumfuna uku a can, ya kuma ce mutanen Benin ba su iya riƙe guduma ba. Onoriode ya ce kajin suna raguwa ne saboda shaho, Eguono ta ce ta san shahon, har gidansa ta sani.